Shin ruwa yana warware taurin bayan gida ga jariri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata uku, nono kaɗai yake sha, kuma yau kwanansa huɗu bai yi bayan gida ba, sai yunƙuri da nishi. An ba ni shawarar in riƙa ɗura masa ruwan ɗumi da cokali. Shin in ba shi? Daga wata uwa mai shayarwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har ya cika wata 6, ba tare da ruwa ba, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi sai ya rage kama nono, sannan ƙodarsa ba ta yi ƙwarin fitar da rarar ruwa ba, don haka yawansa na iya tsinka gishirin da ke cikin jini har yaro ya kama jijjiga.

Abin da ya kamata ki duba shi ne yanayin kashin idan ya fito, ba yawan kwanakin ba. Bayan makonni 6 da haihuwa, jaririn da ke shan nono kaɗai yakan yi kwanaki, wani ma har mako guda, bai yi ba, kuma muddin ya fito da laushi, yaron yana tsotso sosai yana jiƙa ƙunzugunsa da fitsari, to lafiyarsa ƙalau. Nishin ma sau da yawa koyon yunƙuri ne kawai. Taurin bayan gida na gaskiya shi ne kashi busasshe, ƙwaya-ƙwaya, mai fita da kuka. Ki yawaita ba shi nono, ki shafa masa ciki a hankali, ki riƙa lanƙwasa ƙafafunsa zuwa ciki kina miƙewa.

Mai shan madarar gwangwani ya fi fuskantar matsalar, kuma a nan sai a tabbatar ana haɗa ta daidai da ma'aunin da aka rubuta. Bayan wata 6, idan an fara abinci, ana iya ba shi tsaftataccen ruwa kurɓi-kurɓi tare da nikakkun 'ya'yan itatuwa. Zuma kuwa ba a ba yaro ita kafin shekara guda.

Idan kika ga cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko jini a kashi, ko koren amai, ko zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki yi masa wani magani a gida.