Amsa ga ɗan'uwan da ƙwan majiginsa ya dusashe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Ka ce hoton majiginka ya dusashe, jar fitilar gargaɗi tana kunne, mai gyara ya ce zai cire ƙwan ya sa maka LED, kai kuma kana tunanin ko ka haɗa naka majigin da kanka kamar yadda ka gani a YouTube. Duk hanyoyin nan na bi su ko na ga wanda ya bi, kuma don Allah kada ka bari kowa ya taɓa cikin na'urar nan kafin ka gama karanta wannan.

Nawa majigin Epson ne ɗan gwanjo, na saye shi domin yara su riƙa kallo a gida maimakon yawon gidajen kallon ƙwallo da daddare. Da ya fara dusashewa sai na kai wa wani mai gyara da aka yaba mini, mutumin da muka shekara muna gaisawa, wanda in ya gan ni har tashi yake yi ya ba ni kujera. Ya ce in dawo bayan kwana uku, na koma ya nuna mini kwali mai kyau ya ce na sabon ƙwan da ya sa ne, na biya ban nemi ragi ba saboda na yarda da shi. Mako uku bayan haka ne aka yi walimar saukar 'yata, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan isha'i domin a haska wa kakarta da mata 'yan'uwa bidiyon karatun da aka ɗauka da safe, domin tsohuwar ba ta iya zuwa makarantar ba saboda ciwon ƙafa. Yarinyar tana cikin karatu a jikin bango sai muka ji ƙara kamar an fasa kwalba, hoto ya ɗauke, wari ya tashi, ƙananan yara suka watse da kuka. Tsohuwar nan ta ce da ni, "Babu komai, Allah bai nufa ba," amma na ga fuskarta, na kuma ga fuskar 'yata, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Washegari na koma wurinsa, bai ko ɗaga kai daga abin da yake yi ba, ya ce ai wutarmu ce. Da wani ya buɗe mini na'urar sai muka tarar tsohon gidan ƙwan ne, wato ɗan akwatin da ƙwan yake zaune a ciki, da ƙurarsa da komai, an cusa masa wani ƙwai marar suna an ɗaure wayoyin da hannu. Kuɗin bai dame ni kamar yadda ya kalli idona ya ce da ni "Alhaji, sabo ne dal" ba. Na bar shi da Allah, amma ban sake bin layin shagonsa ba.

Abin da na koya daga baya shi ne ƙwan majigi ba irin ƙwan ɗaki ba ne. Akwai zaiba a cikinsa, kuma idan ya kama, matsin da ke cikin ɗan gilashin nan ya ninka na cikin tayar mota fiye da sau 50, shi ya sa idan ya tsufa ko ya kasance jabu yake fashewa. Kamfanin Philips ne ya fito da irinsa a 1995, kuma masu yin na gaske kaɗan ne, irin su Philips da Osram da Ushio. Yawancinsu suna yin awa 2,000 zuwa 5,000, gwargwadon samfurin da yadda aka riƙe shi. Saboda haka ka fara shiga menu ka duba awa nawa naka ya yi. In ya kai adadinsa, to ƙwan ne ya gaji, na'urarka lafiyarta ƙalau. Idan ƙwai ya taɓa fashe maka a ɗaki, ka fitar da yara, ka buɗe tagogi na kamar rabin awa, kada kuma ka kwashe gilashin da hannu.

Maganar LED kuwa, ina roƙonka ka ƙi. Hasken ƙwan asali yana fitowa ne daga wani ɗan wuri da bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma duk madubai da gilasan da ke ciki an jera su ne domin su tattara haske daga wannan ɗigon. LED mai ƙarfi faffaɗa ce, mafi yawan haskenta a cikin akwatin zai tsaya. Ban da haka, sai an yaudari allon lantarkin da ke sarrafa na'urar ya ɗauka ƙwan ya kama, wato sai an yanke ko an haɗe wasu wayoyi, kuma da wuya a mayar da ita yadda take. Na ga na maƙwabcina da aka yi wa haka, sai an kashe kowace fitila an rufe labule sannan ake gane fuskar mutum.

Ka duba lambar ƙwan a takardar na'urar ko a jikin gidansa, na Epson da ELPLP suke farawa, ka nemi wannan lambar daidai. Ka zagaya shagunan kayan lantarki na Sabon Garin Kano, in babu ka sa a yi maka oda, kuma ka sayi mai haɗe da gidansa ko da ya fi tsada. Canjin ba ya buƙatar mai gyara: ka zare waya daga soket, ka bar shi ya huce na awa guda, ka kwance murfin, ka kwance sukurori biyu ko uku da ke riƙe da gidan, ka zaro ka mayar da sabon. Kada yatsanka ya taɓa gilashin, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya fi sauran zafi har ya tsage. Bayan haka ka mayar da ƙidayar awa zuwa sifili, in ba haka ba jar fitilar ba za ta mutu ba. In kuwa dole sai wani ya sa maka, ka tsaya a kansa, a ɓare kwalin a gabanka, a miƙo maka tsohon a hannunka.

Mu a Kano zafi da ƙura ne suke cinye mana ƙwai kafin lokacinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai digiri 40, lokacin hunturu kuma hazo yana toshe filtar iska cikin 'yan makonni, ni kowace Juma'a nake cire tawa in kakkaɓe. Ɗauke wuta ma yana da nasa, domin idan ka kashe da rimot fanka tana ci gaba da juyawa har ƙwan ya huce, amma idan wuta ta tafi farat ɗaya zafin a ciki yake zama. Ƙaramar UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, ko inbata ta ishe ka ka kashe shi yadda ya kamata, kuma kada ka yi saurin kunna shi da an tayar da janareta. Ka sa shi a yanayin Eco, hasken zai ɗan ragu amma ƙwan zai daɗe.

Haɗa naka da hannu na gwada shi a watannin da nake jiran ƙwai, ni da babban ɗana. Na kwalin takalmi da gilashin ƙara girman rubutu da wayar hannu yana aiki, hoton yana fita a kife sai ka juya wayar, amma hasken waya ba ya isa ko'ina. Sai muka yi babba da katako: allon LCD da muka cire wa fitilar bayansa, LED mai wat 100 da ke son wutar lantarki kusan bolt 32 zuwa 36, faffaɗan gilashin tattara haske da ake kira Fresnel guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da gilashin haskawa a baki. Allon LCD ba ya barin ko kashi 10 cikin ɗari na hasken ya wuce, sauran duk zafi yake zama, kuma allonmu na farko baƙin tabo ya yi a tsakiya saboda fanka ɗaya muka sa. Da muka ƙara fanka da babban ƙarfen shan zafi ya yi aiki, yaron nan ya koyi abin da bai koya a aji ba, kuma ban yi nadamar ko kwabo ba. Amma haskensa bai kama ƙafar na kamfani ba, ba zai maye maka gurbin wanda kake da shi ba.

Ka turo mana samfurin majiginka da adadin awannin da ya nuna, in sha Allahu zan duba maka lambar ƙwan da ya dace da shi.