Amsa ga mai tambayar zuwa Rumsiki da Waza a hutun sabuwar shekara

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na ga kana son ɗaukar iyali daga Garwa ku je ƙauyen Rumsiki da gandun dajin Waza a can arewacin Kamaru a kwana biyun hutun nan. Gaskiya kar ka haɗa su, wahala kawai za ka ba yaran. Garwa zuwa Marwa ma ya haura kilomita 200, daga Marwa zuwa Mokolo kamar 80 kwalta ce, amma daga Mokolo zuwa Rumsiki wajen kilomita 50 ɗin nan duwatsu ne da ramuka, mota mai ƙasa-ƙasa sai ta yi ta dukan ciki, ga shingayen jandarma, don haka kowane babba ya riƙe katin shaidarsa a aljihu ba a ƙasan jaka ba.

Maganar cunkoso kuwa, abin da na lura shi ne mutane duk lokaci ɗaya suke zuwa. Sai wajen azahar za ka ga motocin Marwa da samari a kan babura sun cika wurin tsayawar nan da ake hango tsaunin Kapsiki, kowa da waya a sama, yara ƴan rakiya sun kewaye ka kowa na cewa shi zai kai ka, kafin la'asar sakaliya kuma duk sun watse don babu mai son dare ya same shi a hanyar. Ni dai shawarata ku isa tun ana jajiberi ku kwana, ka kira masauki ka kama ɗaki tun yanzu don ɗakunan ba su da yawa. Bayan sallar asuba ku fito. Wallahi lokacin wurin naku ne ku kaɗai, za ka ga dutsen tsaye tilo a tsakiyar kwari, mata na saukowa da tulu a ka, ga gonakin da aka daddatse da jeren duwatsu a jikin tudu, can gaba kuma Najeriya ce. Sai dai Disamba hazo na iya rufe rabin abin, kuma sanyin can ba irin na Garwa ba ne, ku tafi da bargo da rigunan sanyi na yara.

Ɗan rakiya guda ɗaya ka ɗauka, ku yanke kuɗi kafin ku taka. Za su ja ka wurin bokan da ke duba da ƙaguwa, layi ake yi ranar biki, ni kam masaƙa da masu ginin tukwane sun fi min.

Waza kuwa ba tudu ba ne, fili ne shimfiɗe, kuma sai Maris zuwa Afrilu ruwa ya janye raƙuman dawa da barewa ke taruwa a bakin tafkuna. Tun da aka sace wani iyali ƴan Faransa a 2013 kusa da garin Dabanga da ke yankin Waza, harkar tsaro ta canza a yankin, ka tambayi hukuma a Marwa ko ana buƙatar rakiyar sojoji kafin ka sa rana. Allah ya kai ku lafiya, a gaida madam da yara.