Shin mai gadi yana da ikon kama mutum?

Ka tambaya ko mai gadin kanti zai iya kama wanda yake zargi da sata. Zai iya, amma kaki bai mai da shi ɗan sanda ba. A yawancin ƙasashe ikonsa daidai yake da na kowane farar hula. A Ingila, sashe na 24A na dokar PACE ta 1984, wato dokar ikon 'yan sanda da hujjojin laifi, ya amince da kamun ne a laifin da kan iya kaiwa babbar kotu, har da sata, kuma sai jiran ɗan sanda ya gagara.

In ya ga mutum ya cusa kaya cikin riga ya nufi ƙofa, ya tsare shi, ya kira 'yan sanda nan take. Amma duka, ko kulle shi a ɗaki har yamma, wannan kam mai gadin ne zai amsa tuhuma a kotu.