Me ya sa ƙudan zumana suka gudu bayan na ɗebi zuma?

Ɗan'uwa ka ce ka ɗebi zuma a watan Maris, bayan kwana kaɗan ka tarar da akwatin da suke ciki wayam. Ina zargin ka kwashe saƙar gaba ɗaya ne, har da wadda ƴaƴansu ke ciki, irin yadda ake yi wa amya a ƙauye. Saƙar da aka lulluɓe da farin kaki ita ce zuma da ta nuna, ita kaɗai za ka yanka, wadda ka ga tsutsotsi a ciki ko murfinta ya yi ruwan ƙasa to ƴaƴa ne, kar ka taɓa, ƙwai na ɗaukar kwana 21 kafin ya zama ƙudan zuma mai aiki, kaga kenan in ka cire su gidan ya mutu. Kuma ka bar musu kaso nasu su ma su ci.

Lokacin ba laifi, daga hunturu zuwa bazara mangwaro da ɗorawa da kaɗanya suna fure, zuma na samuwa sosai. Amma zafin bazara sai da ruwa, ajiye kasko kusa da su ka zuba tsakuwa ciki don kar su nutse, akwatin kuma a inuwa.

Da damina matsalarka tururuwa ce, shafa baƙin mai a ƙafafun teburin da akwatin ke kai. Sai masu feshin wake, wallahi wannan maganin yana kashe su ba kaɗan ba, ka nisanta akwatin daga gonaki.

Yanzu dai ka goge cikin akwatin, ka shafa kaki a sandunan saman akwatin da suke kafa saƙa a jiki, wasu za su shigo in sha Allahu.