Tambayi Likitan Dabbobi: Ƙuma ta hana mu sakat a gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Muna da kare mai gadi, yana kwana a kan wani tsohon buhu a bayan ɗakin ajiya. Tun faɗuwar damina yake ta susa, har gashin gindin wutsiyarsa ya zube. Yanzu yarana ma ƙafafunsu duk ƙuraje, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Sau uku muna yi masa wanka da sabulu, amma bayan kwana biyu sai ƙumar ta dawo. Maƙwabcinmu ya ce mu shafa masa fiya-fiya. Mu yi?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Don girman Allah kada fiya-fiya ta taɓa jikin karen nan, haka ma kananzir da baƙin mai. Na taɓa karɓar wani kare da aka yi wa haka, aka kawo shi yawu na dalala, jiki na kyarma, bai kai magariba ba. Gubar tana ratsa fata, ga kuma yaranki suna wasa a tsakar gidan.

Wanka bai yi aiki ba ne saboda ƙumar da kike gani a jikinsa 'yar kaɗan ce. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda kare ya kwanta. A can yake ƙyanƙyashewa, 'yar tsutsar ta shige tsagar siminti ko ƙarƙashin tabarma, ta naɗe kanta, ta yi kwanton ɓauna har na watanni, sai ta ji motsi da ɗumin jiki ta fito. Buhun nan shi ne matattararsu. A ƙone shi yau.

Shi karen, a kai shi asibitin dabbobi a auna nauyinsa, domin da nauyi ake ba da magani. Akwai na ɗigawa a ƙeya mai sinadarin fipronil, irin su Frontline, wata-wata. Akwai na ci, Bravecto, da ke kai mako 12. A haɗa masa da maganin tsutsar ciki, don idan ya haɗiye ƙuma garin cizon jikinsa tana sa masa tsutsa. In kuna da kyanwa ita ma a yi mata nata, amma ban da na kare, musamman mai permethrin, yana kashe kyanwa.

Sai gida. Zannuwan gado da kayan yara a wanke da ruwan zafi, tabarmi da katifu a baza su a rana. Shara kullum, har lungu-lungu da ƙarƙashin gado, a fitar da dattin nesa. A toshe ramukan ɓeraye, su ma suna ɗauke da ita. Yaran kuma a yanke musu farce, a riƙa wanke wurin cizon da sabulu; wanda nasa ya yi ruwa a kai shi asibiti.

Ki sa a ranki aikin wata uku ne. In kin ga ƙuma a mako na biyu, waɗanda suka ɓuya ne ke fitowa, kada ki tsayar da magani. Don ki san inda aka kwana, ki taje gashinsa a kan farin ƙyalle mai danshi. Baƙin garin da ya zubo in ya koma ja, kashin ƙuma ne, tana nan. Ki sake rubuto mini bayan wata guda.