Amsa: Idan Ba Wuƙa A Daji, Da Me Za A Yi Yanka?

Ɗan'uwa da ka tambayi yadda mutum zai yi in yana gona ko daji ya laluba ya ji ba wuƙa, bari in ba ka abin da na gani da idona. Na daɗe ina noman rani a gefen Dadin Kowa.

Kada ka ɓata lokaci kana fasa duwatsu wai neman mai kaifi. Dutsen wajenmu na Bima mai yashi-yashi ne, kana bugunsa sai ya ruguje. Amfaninsa wasa ƙarfe, a nan kam ba shi da na biyu. Don haka ƙarfe za ka nema, kowane iri.

Wanda ya fi cetona shi ne murfin gwangwanin tumatir ko na sadin. Ka lanƙwasa rabinsa, ka naɗe da tsumma ya zama mariƙi, ka ɗiga ruwa a kan dutse ka goga bakin ta gefe ɗaya. Zai yanke igiya, zai gyara karfasa. Tarwaɗa dai sai ka yi haƙuri, kanta ya fi ƙarfinsa. Ɓawon busasshen karan dawa ma yana yanka kuɓewa da tumatir, duk wanda ya taɓa tsaga shi da hannu ya sani.

Fasasshiyar kwalba ta fi su duka kaifi, amma ni na bar ta. Ɓurɓushinta na shiga abinci, ga tabonta nan a babban yatsana har gobe.

Yankan dabba kuwa wani zance ne daban. Wata rana akuyar maƙwabcina ta kumbura, tana shure-shure, ba wuƙa ko ɗaya a fadamar. Wani yaro ya rugo da murfin gwangwani, wani dattijo ya ce a'a, azabtar da ita kawai za a yi. Ya buge ruwan fartanyarsa daga ƙota, ya zauna ya wasa shi har yana aske gashin hannu, sannan ya yi bisimilla. Da ƙyar aka same ta da sauran rai. Hadisi ya halatta yanka da duk abin da zai zubar da jini in an ambaci sunan Allah, ban da haƙori da farce, amma ka tambayi malaminku ya yi maka bayani sosai.

Tun ranar na sa maƙeri ya fiƙe mini guntun zarto, yana nan ƙarƙashin kujerar mashin ɗina.