Ciwon kugu ga mai ɗaukar hoton ƙashi: laifin radiyeshan ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aiki a ɗakin hoton ƙashi na wani asibitin kuɗi a Makka. Kugu da kafaɗar dama sun hana ni sakat, musamman bayan aikin Hajji. Mutanen gida sun ce hasken na'ura ne ya fara cin ƙashina. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗan radiyeshan ɗin da ma'aikaci ke samu ba ya kawo ciwon kugu, kuma bajon da kake maƙalawa a ƙirji yana auna shi. Ka dubi aikin hannunka.

Ka tuna yadda kake ɗago dattijon alhaji daga keken guragu zuwa tebur: ka sunkuya, ka rungumo shi, ka murɗa kugu ƙafafunka na kafe wuri guda. Sunkuyo da murɗawa da nauyi lokaci ɗaya, su ne ke galabaitar da ƙasan baya. Haka in kana cusa farantin ɗaukar hoto ƙarƙashin bayan wanda ba ya iya motsi. Ɗaga gadon ya kai ƙugunka tukuna, ka nemi allon zamiya da ake zamo da majinyaci a kai, ka kira abokin aiki. Na san layi kan yi tsawo a lokacin Hajji, amma minti ɗaya ne.

Kafaɗar kuwa, yawanci janyo kan na'ura ne daga sama da hannu ɗaya. Sakko da shi kusa da kai, ka kama da hannu biyu. Rigar dalma da ke kare ka daga radiyeshan ma kaya ce. Ka nemi mai gida biyu, riga da siket, don kugu ya raba nauyin da kafaɗa.

Kada ka ɗauki hoton bayanka don kawai na'ura na hannunka. Ciwon tsoka ba ya fitowa a hoto. Je wurin likitan gashin ƙashi (fisiyo), ka ci gaba da motsa jiki, kwanciya ba magani ba ce. Amma in ƙafa ta fara rasa ƙarfi ko dindiris, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, tafi sashen gaggawa nan take.

In rauni ne a bakin aiki, sanar da shugabanninka cikin kwana 7. Inshorar haɗarin aiki ta GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, ta haɗa har da baƙi, kuma mai asibiti ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi dominta.